Ra'ayinmu: Matasa sun koma wa kayan da, saura su koma wa masu yin su

Duk wanda ya halarci biki a Maraɗi, Damagaram ko Yamai a ƴan shekarun nan, ko ya leƙa ranar al'adu a wata sakandare ko jami'a, ya san abin da za mu yi magana a kai. Ƴan mata sun ɗaura saƙi, sun sha kitson doka, sun rambaɗa kwalli, ga ƙwarya da ludayi a hannu. Samari sun zuba babbar riga mai aska takwas, wannan da malafa, wancan da hula haɓar kada, wani ma har da tsohuwar rediyo mai kaset a kafaɗa, wadda ko batir babu a cikinta. A ɗauki hoto, a mai da shi baƙi da fari, a ɗora masa muryar Shata ko ta Barmani Choge ko ta Ɗan Gurmu, a watsa a TikTok da Facebook. Kafin gari ya waye yabo ya cika ƙasan hoton: "Allah sarki zamanin da!" "Lokacin da duniya ke kwance ke nan."

Akasarin masu wannan begen ba su ga zamanin da suke bege ba. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 da haihuwa ba. Shata ya rasu a 1999, ke nan yaron da ke bin waƙarsa da baki a wayar salula yau, lokacin wataƙila ko auren uwarsa ba a ɗaura ba. Duk da haka ga shi ya tsallake waƙoƙin zamani barkatai ya zaɓi kalangu. Wannan abin farin ciki ne, kuma mu a wannan jarida ba ma cikin masu yi masa dariya. Shekara nawa dattawa suka yi suna kukan cewa yara sun watsar da al'ada, sun bi Turawa da Indiyawa da Larabawa? To ga su sun waiwayo da kansu, babu wanda ya tilasta musu.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata a yi tun abin bai wuce ba, don yayi ba ya daɗewa. Wannan soyayya da ake yi wa kayan da, wa take amfana? Abin da muke gani ba mai daɗi ba ne. Mai hoto ya samu, mai hayar kayan ado ya samu, ɗan kasuwar da ya shigo da kwaikwayon kayan daga waje ya samu. Masaƙi da marini da majemi da baduku da mai ginin tukwane, waɗanda ilimin yin abin yake hannunsu, suna nan inda aka bar su, suna tsufa babu mai saye babu mai koyo. Matsayinmu shi ne, muddin kuɗi da masu koyo da girmamawa ba su kai ga waɗannan mutane ba, to nan da shekara ashirin hotunan ne za su rage, sana'ar kuwa ta bi masu ita kabari.

Me ya jawo waiwayen?

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko waya. Waƙar da a da sai ka je gidan wani tsoho mai tarin kaset kafin ka ji ta, yanzu tana yawo a WhatsApp. Hoton kakarka da aka ɗauka a situdiyo a shekarun 1970, da kallabinta da tsagen fuskarta, ya fito daga ƙasan akwati ya shiga duniya. Na biyu gajiya. Matashi ya duba ya ga shi da na Abijan da na Legas da na Dubai duk riga ɗaya, aski ɗaya, takalmi ɗaya, sai ya fara neman abin da zai ce nasa ne. Na uku kuwa, wanda ya fi nauyi, shi ne halin rayuwa. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wanda ya gama karatu ya zauna a fada shekara uku yana dafa shayi, babu aiki babu halin aure, ai dole labarin lokacin da ake aure da akwati ɗaya da tabarma ya yi masa daɗi.

Iskar siyasa ma ta kaɗa ta wannan ɓangare. A watan Oktoban 2024 an canza sunayen wasu tituna da wurare a Yamai. Titin da ke ɗauke da sunan de Gaulle ya koma na Djibo Bakary, cibiyar al'adun da aka sani da sunan Jean Rouch ta koma ta Moustapha Alassane. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko mutum ya yarda da tafiyar ko bai yarda ba, maganar "namu" ta samu kasuwa. Amma canza allon suna aikin yini ɗaya ne. Koya wa yaro saƙa aikin shekaru ne, kuma shi ne ba mu ga an kama da gaske ba.

Juya zanen ka duba

Mu shiga kasuwa. A Katako ko Wadata a Yamai, a Kasuwar Dole ta Damagaram, ko a babbar kasuwar Maraɗi, ka ce a ba ka saƙi na biki. Sau da yawa abin da za a miƙo maka yadi ne na masana'anta da aka buga wa zanen saƙi a fuska ɗaya. Juya shi ka ga bayansa fari fat. Aikin wuyan rigar da ake ce maka na hannu ne, na'ura mai kwamfuta ce ta zuba shi cikin ɗan lokaci. Ƙwaryar ma wani lokaci roba ce aka yi wa fenti. Sarƙar Agadas ɗin da ke sheƙi a teburin mai talla, bayan wata biyu ta yi kore a wuya, don ba ta taɓa ganin azurfa ba balle hannun maƙeri.

Ga yadda na ainihin yake samuwa, don wanda bai sani ba. Manomi ya noma auduga. Mata su gurje ta su cire gurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. In saƙi ake so, sai a rina wani ɓangare na zaren tukuna, masaƙi ya haɗa fari da baƙi ya saƙa siri-siri, kowane faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, maɗinki ya harhaɗa. In baƙin rawani ne, sai an gama saƙa marini ya tsoma a karofi cikin ruwan baba da toka, ya tsamo ya shanya, ya sake tsomawa har launi ya kama, sannan mabugi ya buge shi a kan gungume har ya yi ƙyalli. Irin wannan aikin ne ya sa rawanin ɗan Kura, daga garin Kura kusa da Kano, ya zama abin alfaharin Abzinawa har cikin duwatsun Abzin. Zane ɗaya, gida biyar ko shida ke cin abinci a kansa.

Haka fata. Jar akuyar Maraɗi duniya ta san ta. Irin fatarta na cikin waɗanda ayari ke ƙetare hamada da su, a sayar a Turai da sunan fatar Maroko. Majemi ya jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, baduku ya yi takalmi da jaka da zabira da kayan doki. Yau fatu da yawa a ɗanye suke fita daga ƙasar nan, mu kuma mu sayo takalmin roba mai kamar fata mu saka ranar al'ada. Hatta atamfar Sonitextil da iyayenmu mata suka ɗaura a shekarun 1980 ta zama labari, kamar yadda akasarin manyan masaƙun Kaduna da Kano suka rufe.

Abin da ya sa lamarin ya zama na gaggawa shi ne masu sana'ar hannu sun rasa tsofaffin masu sayensu. Shekaru da dama baƙi ƴan yawon buɗe ido ne ke riƙe da kasuwar maƙeran azurfa da dukawan Agadas, da masu shaguna a ƙauyen sana'o'in hannu na Wadata da na gidan tarihi na Boubou Hama. Tawayen 2007, da ficewar tseren motocin Dakar daga Afirka a 2009, da sace ma'aikatan ƙasashen waje a Arlit a 2010, sun tsinke wannan hanya. Bayan 2023 kuma baƙin da ke aiki a ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyi sun ƙara raguwa. Wa ya rage? Mu ne. Matasan nan masu son kayan da su ne masu sayen da sana'ar ke jira, in da kuɗinsu zai bi hanyar da ta dace.

Mun san abin da za a ce mana: tsada. Gaskiya ne. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata, kuma mutane da yawa ko shi ba su samu. Ba za ka ce wa ɗalibar da ke ranto kuɗin taksi ta sayi gwadon hannu ba. Wanda ke shiga wurin ƴan gwanjo, wato bosho, don ya rufa wa kansa asiri, ba ya bukatar wa'azinmu. A Turai masu hali ne ke biyan tsohon kaya da tsada don ado, mu nan babu ce ke kai mu. Amma bikin da aka kama zauren taro, aka ɗauko mai hoto da ƙaramin jirginsa, aka yi anko kala uku, kada a ce mana talauci ne ya hana shi sayen zane ɗaya daga hannun masaƙi. Rashin tambaya ne kawai. Kuma ko a lissafi arhar ba ta ci ba. Gwadon kakarki da kike ɗaukowa ki yi hoto da shi ya shekara hamsin yana nan, na kasuwa wanki uku ya koɗe.

Darasi biyu daga fagen kiɗa

A 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na piyanon lantarki a gidan rediyon ƙasa, aka fitar da kaset ƴan kaɗan. Shekara da shekaru ƴan Nijar suna jin kiɗan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san sunan mai shi ba. Sai a 2013 wani kamfanin faifai na Amurka, Sahel Sounds, ya sake buga shi, matasa a Turai da Amurka suka saya, sannan wasu daga cikin namu suka farga. Ba laifin baƙo ba ne don ya ga daraja a abin da muka bari yana shan ƙura.

Na biyu shi ne marigayi Malam Mamane Barka. Malamin makaranta ne, kuma mawaƙi da aka sani da gurmi. Da ya ji cewa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma masuntan Tafkin Chadi, saura tsoho ɗaya ya iya shi, sai ya tattara a 2002 ya tafi wurin tsohon, Boukar Tar, ya zauna ya koya, da tallafin UNESCO. Daga baya ya kai biram manyan dandamali a Turai. Ya rasu a watan Nuwamban 2018, ana kiransa gwanin biram na ƙarshe. Bambancin Barka da mai hoto da rediyo marar batir shi ne Barka ya je ya durƙusa gaban mai abin. Irin wannan tafiyar muke roƙon matasa su yi, kuma ba sai sun je Tafkin Chadi ba. Kowace unguwa da irin nata tsohon: tsohuwar da ta iya kaɗi, maginin da ya iya ɗaurin guga da zanen gaban gida irin na Birni da Zango a Damagaram, gyartan da ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya, mai saƙar faifai. Kusan kowannensu ya wuce sittin, kuma in ka tambaye shi yara nawa ke koyo a hannunsa, murmushi kawai zai yi.

Halin da fa?

Ba tufafi kaɗai matasan ke bege ba. In ka zauna a fada za ka ji ana cewa mutanen da sun fi mu kunya, sun fi mu amana, sun fi mu zumunci. Akwai gaskiya a ciki. An yi lokacin da maƙwabta ke ciyayya, akushi ya fita daga wannan gida ya shiga wancan kowane dare. An yi lokacin da ɗa na kowa ne, duk babban da ya ga yaro yana ɓarna zai tsawata masa, uban ma ya yi godiya. Gayya ta noma gonar marar lafiya, ta yi wa tsohuwa yaɓen ɗaki kafin damina. Wasan taubasai, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon bil'adama da sunan Nijar a 2014, ya kashe fitinu da yawa da raha kawai, tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Zabarmawa da Abzinawa.

Amma duk waɗannan halaye da jiki da aljihu ake yin su, ba a saka su ranar biki a cire da dare. Ciyayya ita ce ka rage naka. Gayya ita ce ka tashi da asuba ka yi wa wani aiki ba ko dala. Mai rubuta "ina mutanen da" a Facebook, magudanar ƙofar gidansu ta toshe da leda tun bara, yana jiran ma'aikatar magajin gari. Matasa da yawa suna yabon zamanin Janar Seyni Kountche, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, suna ba da labarin yadda yake faɗa wa ofisoshi ba sanarwa don ya kama masu makara. To su tuna cewa a wancan zamani Samariya ce ke gina azuzuwa, tana shara, tana dashen itace, da ƙarfin samari irinsu. Su kuma tuna cewa an tsare mutane shekaru ba shari'a, kuma baki ba ya faɗin abin da ya ga dama. Duka biyun tarihi ne, ba a ɗauki ɗaya a bar ɗaya.

Zamanin da ake cewa duniya na kwance shi ne zamanin yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984, zamanin da ƙyanda ke shiga gari ta kwashe yara, mace ta mutu wurin haihuwa a ce kwana ya ƙare. Tambayi kakarka shekararta nawa aka kai ta ɗaki, kuma ko an nemi jin ta bakinta. Wannan ma bai gama zama tarihi ba, domin alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Sai a 2003 dokar ƙasa ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan ƙasar nan saboda an kasa kare ta daga bauta. Duk wanda zai fake da "komawa al'ada" don ya cire yarinya daga lakwal, ko ya goranta wa wani asalin kakansa, ba ya cikin tafiyar da muke goyon baya.

Ko salon nan da ya shigo wasu bukukuwa daga ƙetaren iyaka, wanda ake kira "ranar ƙauyawa", a duba shi da kyau. In ƴan birni sun karkace ɗaurin zane, sun caɓa kwalliya da gangan, suna kwaikwayon maganar mutanen karkara don a yi dariya, to ba'a ce ake yi wa mafi yawan ƴan ƙasa, waɗanda su ke noma hatsin da ake dafawa a bikin. Wanda kake wa ba'a ba za ka zauna ka koyi abu a wurinsa ba.

A nan ne maganar tufafi da maganar hali suka haɗu. Me ya sa ɗan masaƙi ba ya son ya gaji ubansa? Rashin ciniki ɗaya ne. Ɗayan kuwa raini ne. A wurare da dama a ƙasar nan har gobe ana binciken asali in an zo neman aure, a ce "ai su maƙera ne", "ai gidan makaɗa ne", "majema ne fa", shi ke nan magana ta mutu. Saurayin da ya yi ado da aikin baduku ranar Sallah, gidansu ba za su bari ya auri ƴar baduku ba. Yaron gidan kuwa yana gani. Ya ga kayan ubansa na da daraja amma uban ba shi da ita, sai ya nemi babur ya shiga kabu-kabu, ko ya nufi wurin haƙar zinariya, ko ya kama hanyar Libiya. Wa zai ga laifinsa? Wannan raini ba shi da tushe a addini. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Dawuda (AS) yana ƙera sulke da hannunsa. Malamai sun san haka, muna son mu riƙa jin sa a huɗuba.

Inda aka dace

Ba mu rasa misalin abin da ya yi aiki ba. Ɗauki kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa, wadda Yacouba Kantou na Maraɗi ya lashe, gasar takobi na zagaya jihohi, kowace jiha da filinta, rediyo da talabijin na watsawa, akwai kyauta mai tsoka, makaɗa da mawaƙa da masu kirari kowa na samun rabonsa. Sakamakon haka yaro a ƙauye yana son ya zama ɗan kokowa, kuma ba ka taɓa jin an kira taron ceto kokowa ba. Al'adar da ke ciyar da mai ita, kuma take ɗaga sunansa, ba ta bukatar a yi mata kuka.

Ɗauki gini. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmou ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, mai tsara gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse, tare da maginan gargajiya, aka kammala a 2018. Ga boko ga gado a wuri ɗaya, kuma kowa an biya shi haƙƙinsa.

Maƙwabta ma sun gwada. A Burkina Faso, Thomas Sankara ya sa ma'aikatan gwamnati saka Faso Dan Fani a shekarun 1980, kuma a 2023 hukumomin ƙasar suka yanke shawarar shigar da shi cikin kayan makaranta da rigunan alƙalai. Ghana ta ƙaddamar da saka kayan gida ranar Juma'a a 2004, sannan a watan Disamban 2024 UNESCO ta amince da saƙar kente a matsayin gadon bil'adama. Sai dai Ghana ta koya mana wani darasin: kwaikwayon yadin da ake shigowa da shi ya cika musu kasuwa, ke nan ware rana kaɗai ba ya isa in ba a iya bambanta na gida da na bogi ba. Mu ma muna da FIMA, wadda Alphadi ya fara a 1998 a hamadar Tigidit, muna da SAFEM ta mata masu sana'ar hannu. Amma baje koli na mako ɗaya ba ya riƙe gida shekara.

Abin da muke nema

Ga matasa. Kafin ka saya, tambayi wa ya yi, a ina. In kin saka hoton, rubuta sunan masaƙin da garinsu kamar yadda kike rubuta sunan mai kwalliya da mai hoto. Ku haɗa kuɗi a fada ko ta adashe ku yi saƙo kai tsaye: bargo daga Tera, tabarma daga Madawa, tukwane daga Mirya ko Bubon, azurfa daga Agadas. Ku daina tayin wulaƙanci a kan aikin da ya ci wa mutum mako biyu. Wanda ba shi da aiki ya je ya koya, wanda ya iya waya ya zama mai tallan gwanin unguwarsu, su raba riba. Kuma ku zauna da kakanninku ku ɗauki muryarsu tun suna nan: tatsuniyoyi, sunayen kitso, yadda ake haɗa daddawa, tarihin gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga masu sana'a. Ku ma akwai gyara. Alkawarin mako ɗaya kada ya zama wata uku. Launi kada ya zuba, ɗinki kada ya warware. Matashin yau yana son jakar da za ta ɗauki kwamfuta da takalmin da zai shiga ofis da shi, ku yi masa. Kuma in yaron da ba ɗan gida ba ya zo koyo, kada a ɓoye masa sirri. Sirrin da aka binne da mai shi bai amfani kowa ba.

Ga hukumomi. Gwamnati ita ce babbar mai saye a ƙasar nan. Kyaututtukan da ake ba baƙi, labulen ofisoshi, jakunkunan taro, anko na ranakun ƙasa, da sannu har kayan makaranta, a fara da na gida, kuma a biya a kan lokaci. A samar da tambarin shaida da mai saye zai gane aikin hannu na gaskiya da shi, duwan kuma ta sa ido a kan na bogi. Cibiyoyin koyon sana'a da asusun FAFPA su ɗauki tsofaffin gwanaye a matsayin malamai, a biya su, kada a ce sai sun kawo takardar lakwal. Muryoyi da hotunan da ke ajiye a Muryar Sahel da Tele Sahel, da cibiyar CELHTO da ke Yamai tun 1968, a kwafe su cikin kwamfuta a buɗe wa matasa, domin zafi da ƙura ba su jiran kasafin kuɗin baɗi.

Ga sarakuna da malamai. Sarautun sana'a irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da Sarkin Dukawa kada su tsaya a rawani, a ba su aikin tara yara da kula da inganci. Maganar hana aure saboda sana'ar gado kuwa, ku ne kaɗai za ku faɗa a ji.

Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, amma sai in akwai mai kula da amya. Matasa sun yi rabin tafiya da suka daina jin kunyar kayan kakanninsu, kuma sun cancanci yabo. Sauran rabin shi ne mai wuyar, don yana cin kuɗi, yana cin lokaci, yana kuma bukatar a sauke girman kai. A bikin da za ka je nan gaba, kafin mai hoto ya ce a yi murmushi, juya gefen zanen da ke jikinka ka duba. In ba ka san hannun da ya yi shi ba, nemi wanda ka sani a garinku ka yi masa ciniki, tun yana da ran karɓa.